Man ƙamshi daga ganyen itacen daji: ta ina ake farawa kafin ya zama haja?

Ɗan Lambu:
Assalamu alaikum. Akwai wani ɗan itace mai tsirowa da kansa a daji, tsayinsa bai wuce na mutum ba, ganyensa in ka murza ƙamshi ke tashi sosai. So ake a riƙa tatsar mansa da tururi ana sayar wa masu haɗa sabulu da turare. A ƙaramar tukunya kilo 2 na ɗanyen ganye yana ba da kamar mililita 10. Matsalolin uku ne: wani karon ƙamshin mai sanyi ne kamar na na'ana'a, wani karon kuma kafur zalla, wani lokaci man yana warin ƙauri, in ya yi watanni a kwalba sai ya yi duhu. A sayi babbar tukunya tun yanzu, ko akwai abin da ya kamata a fara yi?

Malama Mai Awo:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar babbar tukunya tukuna. Matsalarka ta farko ita ce uwa, wato itacen da kake tsinko ganyensa, kuma ba tukunya ce ke magance ta ba.

Tsirrai biyu za su iya zama iri ɗaya a ido, suna ɗaya, fure ɗaya, amma sinadaran da ke cikin mansu su bambanta ƙwarai, domin abin a jininsu yake. Thymus vulgaris, ganyen ƙamshi na girki da ake kira thyme, misali ne sananne: wani mansa timol ya fi yawa, wani linalol, wani jeraniyol. Rosmeri, wani ganyen ƙamshi na girki, shi ma haka, akwai mai kafur, akwai mai sineyol, akwai mai babenon. In kana tsinko ganye daga nan da can kana haɗawa, kowane karo da irin man da zai fito. Lokacin yanka da shekarun ganye suna ƙara nasu bambancin a kai.

Fara da tabbatar da sunan itacen na kimiyya. Yanko reshe mai ganye da fure, in da 'ya'ya har da su, ka danne shi tsakanin takardu ya bushe, ka kai ma'ajiyar samfurin tsirrai ta jami'a su ba ka suna da lambar ajiya. Sannan ka zaɓi itatuwa kamar 20 zuwa 30 a wurare daban-daban, ka sa wa kowanne lamba, ka tatsi kowanne shi kaɗai. Ana yin wannan da ƙaramin kayan gilashi da ake kira Clevenger: giram 100 na ganye a ruwa kamar lita 1, a tafasa awa 3, a karanta yawan man a jikin bututun mai ma'auni. Ka riƙa rubuta yawan man bisa nauyin busasshen ganye, don ɗanyen ganye rabinsa ko fiye ruwa ne, kuma ruwan yana canzawa daga damina zuwa rani. Kowane samfuri a kai shi na'urar GC-MS, ita ce za ta jero sinadaran da kason kowanne. A maimaita a kan itatuwan nan dai kafin fure, lokacin fure, da bayansa.

Abin da mai saye yake biya shi ne mai wanda ba ya canzawa. Dubi man itacen Melaleuca alternifolia na Ostareliya, wanda ake sayarwa da sunan tea tree. Ma'aunin ingancinsa na ƙasa da ƙasa, ISO 4730 na 2017, ya ce sinadarin tafinen-4-ol ya kasance tsakanin kashi 35 zuwa 48 cikin 100, sineyol kuma kada ya wuce kashi 10. Man da ya fita daga wannan iyaka, ko daga itacen gaske aka tatso shi, ba a karɓarsa da wannan suna. Sabon mai irin naka ba shi da ma'auni, kai ne za ka rubuta masa, kuma ba ya rubutuwa da sakamakon tukunya ɗaya.

Mai Tukunya:
Malama ta yi gaskiya, amma ƙaurin da duhun aikin hannu ne, a gyara su tun yanzu, in ba haka ba samfuran da za a kai awo ma sun lalace.

Ƙauri daga ganyen da ya taɓa gindin tukunya ne, ko ruwa ya ƙafe wuta na ci. A sa faranti mai ramuka a cikin tukunyar, ruwa a ƙasa, ganye a sama, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsu don kada tafasa ta jiƙa ganyen. A sa bututun gilashi a gefe don ganin tsayin ruwa. Akwai kuma wani warin dahuwa da sabon mai kan fito da shi ko ba a ƙona ba. Wannan yana gushewa in man ya huta 'yan kwanaki. Na ƙonewa ba ya gushewa.

Yadda ake cusa ganye shi ne inda aka fi yin asara ba a sani ba. Tururi hanya mai sauƙi yake bi. In gefen tukunya ya yi sako-sako, ta nan zai wuce, tsakiya ta zauna da manta. A daddatsa rassa, a zuba kaɗan-kaɗan ana dannewa, musamman jikin bango. In an gama a buɗe a duba: duk inda ganye ya rage kore shar, tururi bai ratsa wurin ba.

Ruwan da ke fitowa daga bututun sanyayawa ya kasance kamar digiri 25 zuwa 35. In ka ji ƙamshi ya cika wurin aiki, manka ne ke tafiya a iska. Ruwan sanyi ya shiga ta ƙasan bututun ya fita ta sama. Lokacin tatsa kuma a tsayar da shi da gwaji: a riƙa tara abin da ya fito kowane minti 15 a kwalba daban, a ga inda ya kusa yankewa. Wasu sinadaran da wuri suke fita, masu nauyi sai can baya, don haka tatsar awa 1 da ta awa 3 mai biyu ne daban ko da ganyen ɗaya ne. Daɗewa a wuta kuma yana fasa wasu sinadaran masu ƙamshin 'ya'yan itace, man ya koma da tsami-tsami.

Duhun kwalba abu huɗu ne ke kawo shi: ruwa da ya rage a cikin man, iska, haske, da baƙin ƙarfe. Tukunya da bututu su zama na ƙarfe mara tsatsa, don mai mai timol ko yujinol yana yin duhu in ya haɗu da baƙin ƙarfe. Bayan an raba man da ruwa a zuba masa busasshen sodiyam salfet kaɗan, wani gari mai tsotse sauran ruwa, a girgiza, a tace. A cika kwalbar gilashi mai duhu har wuya, a rufe, a ajiye wuri mai sanyi. Ban da roba, man yana cin ta. Ba launi kaɗai ne abin damuwa ba: man da iska ta shiga ya fi sa fata ƙaiƙayi.

Yanzu lissafi. Mililita 10 kusan giram 9 ne, daga kilo 2, wato kashi 0.45 cikin 100. Kilo 1 na mai yana buƙatar ganye kilo 220 da 'yan kai. Tukunya mai lita 200 tana ɗaukar ɗanyen ganye kamar kilo 45, ta ba da giram 200. Mai saye ya ce yana son kilo 25: tan 5 da rabi na ganye ke nan, da ɗora tukunya sau 125. Ka ga girman tukunya daga yawan ganyen da kake da tabbacinsa ake yanke shi.

Tsohon Dillali:
Tan 5 da rabin nan shi ne maganata. Daji ba zai ba ka shi kowace shekara ba. Itacen Aniba rosaeodora na Amazon an sare shi don mai har sai da aka sa shi a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron su ƙare, a 2010. Masu Melaleuca ma da yankan daji suka fara, daga baya suka koma gona. In awon Malama ya nuna itace biyu ko uku masu mai da yawa da ƙamshin da ake so, a yaɗa su ta dashen reshe, kada a shuka iri, domin iri yana dawo da gaurayen da ake gudu. A gwada tsayin yanka a ga wanda itacen ke tohowa da kyau bayansa.

Takardu kuma: mai saye na gaske zai nemi sakamakon GC-MS na wannan kason da zai saya, nauyin man idan an gwada da ruwa, yadda yake karya haske da yadda yake juya shi, duka a digiri 20, zafin da yake kama wuta saboda sufuri, da takardar bayanin haɗari. Masu turare suna bin ƙa'idojin IFRA, ƙungiyarsu ta duniya, Tarayyar Turai kuma tana da jerin sinadaran ƙamshi da dole a rubuta a jikin kaya, linalol da limonin suna ciki. Tun da ka ambaci ƙamshin na'ana'a, a duba ko akwai sinadarin pulegon, yana cutar da hanta in ya yi yawa. Shi ya sa a Afirka ta Kudu man itacen Agathosma betulina ya fi na ɗan'uwansa Agathosma crenulata daraja, domin na biyun ya fi yawan pulegon.

Akwai kuma yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014. In za a ci ribar tsiron ƙasa, musamman in an dogara da sanin da mutanen wurin suke da shi a kansa, ana buƙatar izini tun farko da yarjejeniyar rabon amfani, bisa dokar ƙasar da tsiron yake. Kamfanonin waje suna tambayar wannan takarda. Kada kuma a rubuta cewa man yana warkar da wata cuta, wannan ya mayar da shi magani, dokarsa daban ce.

Ɗan Lambu:
Allah ya saka da alheri. Saura biyu: a shanya ganyen kafin a tatsa? Ruwan da ke fitowa tare da man fa, zubarwa ake yi?

Mai Tukunya:
A bar shi ya yi yaushi a inuwa kwana 1 ko 2, a baje shi, kada a tara shi tuli don yana ɗaukar zafi ya fara ruɓa. Yaushi yana sa tukunya ta ɗauki ganye da yawa. Rana kai tsaye tana kwashe sinadarai masu saurin tashi. Amma wasu ganyayen ɗanyensu ya fi, sai ka raba yanka ɗaya gida biyu ka gwada.

Ruwan yana ɗauke da ɗan mai narke a cikinsa. Ko dai ka mayar da shi tukunya ta ƙaramin bututu mai lanƙwasa yayin da ake tatsa, wanda ke ƙara yawan man kuma ya hana ruwa ƙafewa, ko ka tara shi a sayar a matsayin ruwan ƙamshi. In sayarwa za a yi, a tara lita 1 kacal a kan kowane kilo 1 na ganye, a tace, a zuba a mazubi mai tsabta a wuri mai sanyi, a kuma kai shi awon ƙwayoyin cuta, domin shi ba ya jure ajiya kamar man.