Muhawara: shin da gaske babu kwamfutar da ba ta cin Windows 7?

Auwalu Taura: Salamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min. Na sayo laftof ta hannu a Kano saboda shagona na buga takardu, da Windows 11 ta zo. Ina so in mayar da ita 7, don tsohuwar sikanata a kan 7 kaɗai take aiki. Ina sa filashin da ke ɗauke da Windows 7 sai ta rubuto "Starting Windows", launukan nan suka fara haɗuwa, sai ta tsaya cak. Tun azahar har la'asar ko motsi. Da na sake gwadawa, baƙi ƙirin allon ya yi. Allon ne ya lalace, in mayar wa mai shago kayarsa?

Oga Nasiru Ringim: Wa alaikumus salam. Auwalu, kada ka mayar. Filashinka ne ba a haɗa shi daidai ba. Ni abin da na sani, babu kwamfutar da ba ta cin Windows 7, sai dai a ce mai sakawar bai iya ba. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe Secure Boot mai hana manhajar da bai yarda da ita ba tashi, ka kunna Legacy, tsohon salon tashi, ka sake haɗa filashin da manhajar Rufus a tsohon tsarin faifai na MBR. Yau ɗin nan za ta hau.

Baba Idi Gujungu: Ni dai ina ganin an cuci yaron nan. Allo ya yi baƙi, me ya rage? Ka yi sammako ka mayar tun rasit bai tsufa ba.

Injiniya Kabiru: Baba, a yi haƙuri tukuna, kada a ɗora wa mai shago laifin da ba nasa ba. Auwalu, zare filashin ka kunna ta. Windows 11 tana tashi?

Auwalu Taura: Tana tashi tangaram, Injiniya. Hoto garau.

Injiniya Kabiru: To allo lafiyarsa ƙalau. Allon da ya mutu ba ya zaɓen manhaja. Yanzu duba min lambar firosesa, sannan ka shiga BIOS ka gaya mana ko ka ga Legacy ko CSM, wato zaɓin da ke kwaikwayon tsohon BIOS.

Auwalu Taura: Core i5-1135G7. Na bi kowane shafi na BIOS, Secure Boot na gani na kashe, amma babu Legacy, babu CSM.

Oga Nasiru Ringim: Yana nan, ɓoye shi suke yi. Wasu sai ka sa wa BIOS ɗin lambar sirri kafin ya buɗe maka sauran.

Injiniya Kabiru: Oga, a wasu tsofaffin haka ne, amma wannan firosesa ta Intel zubi na 11 ce, lambobi biyun farko ke nuna hakan. Ba ɓoye shi aka yi ba, cire shi aka yi. Tun 2017 Intel ta sanar cewa zuwa 2020 za ta daina tallafa wa tsohon tsarin BIOS a sababbin injinanta. Windows 7 kuwa a 2009 ta fito, kuma yayin da take tashi, ta tsohuwar hanyar BIOS take neman allo, wadda ake kira Int10h. Ko a tsarin UEFI, wanda ya gaji tsohon BIOS, ka saka ta, sai ta nemi wannan hanyar. CSM shi ne ke samar mata da ita. In babu shi, ta kira ba a amsa ba, sai ta tsaya a daidai inda ta tsaya wa Auwalu. Daga Windows 8 zuwa sama ba su da wannan matsalar, don sun iya magana da allo ta sabuwar hanyar UEFI.

Oga Nasiru Ringim: Injiniya, duk wannan karatun na yarda da shi, amma ai an yi masa magani. Akwai UefiSeven, ɗan ƙaramin fayil ne da ake sawa a filashi a madadin fayil ɗin tashi, ya kwaikwayi Int10h ɗin, Windows 7 ta wuce. Ni da hannuna na sa wa wani malamin makaranta 7 a kan i5-8250U, zubi na 8, har yau yana aiki da ita. Kamfanin Microsoft ya ce zubi na 6 ne ƙarshen wanda Windows 7 za ta hau, mu kuma muka sa a na 7 da na 8. To ina maganar ba ta ci?

Malama Hadiza Garki: Oga Nasiru, da girmamawa, ina da tambaya. Da ka sa wa malamin, direban hoto fa, wato manhajar da ke sa Windows ta iya sarrafa katin hoto? A ɗakin kwamfutar makarantarmu an taɓa yi mana irin wannan aikin. Windows ta hau kam, amma in ka buɗe Device Manager, abin da ke ƙarƙashin allo shi ne Standard VGA Graphics Adapter. Allon 1366 da 768 ne, ita kuma ta tsaya a 1024 da 768, komai ya baje. Yarinya ta zana da'ira ta fito kamar ƙwai. Maɓallin rage haske ba ya aiki, hasken a ƙure yake, batir kuwa kafin a gama darasi ɗaya ya yi ƙasa. Mu da muke dogara da sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga majigi ma ta ƙi ganinsa ta HDMI. Haka za a ce ta ci?

Oga Nasiru Ringim: Malama, wanda ya yi muku bai ƙarasa aikin ba. Ana ɗauko direban zubi na 6, a buɗe fayil ɗinsa na INF mai jerin katunan da yake hawa, a ƙara lambar katin hoton sabuwar a ciki, a tilasta masa ya hau. Lambar tana nan a Device Manager, wajen Hardware Ids, tana ɗauke da VEN_8086 in na Intel ne. Haske ya dawo, allo ya cika.

Injiniya Kabiru: Wannan gaskiya ne, kuma nan ne bakin iyakar maganarka, Oga. Dabarar INF tana ci a zubi na 7 da na 8 saboda katin hotonsu dangin na zubi na 6 ne, ginin kusan ɗaya. Na Auwalu Iris Xe ne, sabon gini gaba ɗaya, kuma Intel ba ta taɓa fitar masa da direban Windows 7 ba. Ƙara lamba a fayil ba ya koya wa direba aikin da ba a rubuta masa ba. In ka tilasta, ko dai ka ga alamar rawaya a Device Manager, ko allon ya yi baƙi bayan ta sake tashi, sai ka koma danna F8 ka shiga Safe Mode ka cire shi. Kuma tun kafin a kai nan akwai wasu gangaran: Windows 7 ba ta zo da direban USB 3.0 ba, maus da filashin kansa za su ɗauke a tsakiyar sakawa sai an cusa direban a ciki. Haka sabon nau'in faifan ajiya na NVMe, shi ma sai an cusa masa nasa gyaran.

Baba Idi Gujungu: To ni dai na janye maganar cuta. Amma ku gaya min, wace riba kamfanin yake ci da hana mutum amfani da abin da ya saba?

Malama Hadiza Garki: Baba, Microsoft ta daina yi wa 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Chrome ma a lamba 109 ya tsaya mata. Auwalu kuma ɗalibai yake yi wa rajista da duba sakamako a intanet, hotunansu da bayanansu na hannunsa. Ni wannan ya fi damuna a kan haske.

Oga Nasiru Ringim: In don wannan ne, ita ma 10 ai an daina mata a Oktoban 2025, kuma rabin shagunan yankin nan ita suke amfani da ita. Mutumin ƙauye da abin da ke hannunsa yake aiki. Ba za a ce ya jefar da sikana mai lafiya don wani a Amurka ya rufe littafi ba.

Injiniya Kabiru: Ba wanda ya ce ya jefar. Auwalu, ram ɗinka nawa ne?

Auwalu Taura: 8 ne, Injiniya.

Injiniya Kabiru: Ya isa. Bar Windows 11 inda take. Sauke VirtualBox, wanda ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka, kyauta ne, ka saka 7 a cikinsa, ka ba ta ram 2 ko 3. A can ba ta ganin katin hotonka na gaskiya, wani na kwaikwayo take gani wanda ta san shi, don haka babu tsayawa, babu baƙin allo. Bayan ta hau ka saka Guest Additions, direbobin VirtualBox ɗin, allon zai cika yadda kake so. Sikanar kuma ka jona ta, ka miƙa ta ga 7 ta wajen zaɓin USB. Ka yi sikanin a can, ka ajiye a jakar da ka haɗa tsakaninsu, sauran aikin intanet ka yi shi a 11. Kafin duk wannan ma, gwada direban sikanar na 7 kai tsaye a kan 11. In na 64 bit ne, da dama suna hawa.

Oga Nasiru Ringim: Ka ga ke nan ta ci 7 ɗin.

Malama Hadiza Garki: A cikin 11 ta zauna, Oga, ba a kan injin ba. Kai fa cewa ka yi babu wadda ba ta ci.

Oga Nasiru Ringim: Har yanzu ina kan bakana cewa da UefiSeven za ta wuce inda ta tsaya. Maganar direban Iris Xe ce ba ni da amsarta, na bar wa Injiniya. Amma shawarar da zan ba Auwalu daban ce: ya nemi tsohuwar kwamfutar tebur zubi na 3 ko na 4, suna da araha, direbobinsu na 7 duk suna nan. Ya ajiye ta gefe don sikana kawai, kada ya jona mata intanet.

Auwalu Taura: Ta tebur sai na tayar da janareto, Oga, ga tsadar mai. Laftof ɗin da sola nake cajinta. Zan fara gwada ta Injiniya da daddare in an rufe shago.

Injiniya Kabiru: In VirtualBox ya ƙi nuna maka zaɓin 64 bit, ko ya ce ba zai tashi ba, koma BIOS ka kunna Virtualization. Kuma ka mayar da Secure Boot ɗin da ka kashe ɗazu. Turo min sunan sikanar da lambarta in duba maka direbanta kafin magariba.