Wa ya ga kirinjijiya bana?

Ɗan Fadama, Daura: Assalamu alaikum jama'a. Tun ina yaro, da kaka ta yi, kukan kirinjijiya ke tayar da mu da asuba a tabkin bayan gonarmu. Bana har na girbe gero ban ji ko ɗaya ba, tabkin kuwa ya ƙafe tun kafin sanyi ya kankama. Balbela kaɗai ta rage tana bin shanu. Ku ma haka abin yake a wurinku?

Mai Koma: Wa alaikumus salam. Malam, tsuntsu abinci yake bi. Mu ƙasan wani dam muke, ba sai na kama suna ba. Da, in gulbi ya cika ya malala cikin fadama, nan tarwaɗa da karfasa ke hayayyafa cikin ciyawa, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana jiran rabonsa. Yanzu sai a toshe ruwan wata da watanni, rana ɗaya kuma a sako shi cikin dare ba sanarwa. Bara haka ya tafi mini da koma biyu, ya binne albasar maƙwabcina da yashi. Wallahi da kaɗan-kaɗan ake sakinsa bayan damina, da kowa ya samu.

Inna Mai Tabarma: Allah Ya mayar maka da alheri, ɗana. Ni gauraka nake kewa. Jikokina ba su taɓa ganinta ba sai a hoto.

Malamin Gona, Katsina: Amin, Inna. Amma sakin ruwa kullum ma ciwo ne. Na je sayen kifi Nguru na gani da idona. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa can da lokacinsa: ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma ƙasa ba ta bushewa. Ciyawar kachala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsawo, jan baki ya yi sheƙa a ciki yana cinye shinkafar mutane. Wurin da aka sa cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya a 2000 ke nan, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai. Fadama tana son ta cika, tana kuma son ta sha rana.

Ɗan Jibiya: Mu ma mu tuna, ruwan kogin Gada ba a Jibiya ya tsaya ba, shi ne Gulbin Maraɗi. 'Yan'uwanmu na can suna jiran abin da ya wuce mu.

Ɗan Fadama, Daura: Na gode. Amma in faɗi gaskiya, mu ma da hannunmu a ciki. Na ƙirga injin ban-ruwa bakwai a bakin tabkin nan, ɗaya nawa ne. Ranar Juma'a bayan masallaci zan tara masu su, ko ma yarda mu bar kwarin tsakiya kada kowa ya sa tiyo a ciki.