An cire kalmar "kafili" daga takardun hukuma: gyara ne ko sauyin suna?

Direban gida, Riyad:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Jiya mun yi gardama da wani abokin aikina a kan cewa hukumar Saudiyya ta bar kalmar kafili, wato wanda ke ɗaukar nauyin zaman baƙon ma'aikaci a ƙasar, yanzu mai ba da aiki take rubutawa, wanda kuma a da ake yi wa hurub, wato rahoton cewa ya gudu, sai a ce ya ƙaurace wa aiki. A ganina wannan aikin masu ƙamus ne, domin ranar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta ƙare, mutumin nan dai zan je in roƙa ya sabunta mini, ko da wane suna takarda ta kira shi.

Ɗalibin shari'a, Madina:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ban yarda cewa aikin banza ba ne. Dokar aiki ta ƙasar nan ta 2005 ce, kuma a 2020 aka haɗe ma'aikatar ƙwadago da ta ma'aikatan gwamnati, sabuwa ta fito da sabon suna. Idan doka ta ci gaba da ambaton ofishin da babu shi, to mai neman haƙƙinsa ne zai sha yawo, lauyan abokin ƙararsa kuma ya samu kafar jan lokaci. Alƙali da abin da aka rubuta yake hukunci, ba da abin da ake faɗa a kasuwa ba.

Hajiya mai ɗinki, Makka:
Ɗana, karatunka ya yi kyau, amma ni na riga ka zuwa ƙasar nan. Tun shekarar 2000 majalisar ministoci ta yanke cewa a daina amfani da kalmar, ta kuma hana riƙe fasfon ma'aikaci. Duk da haka, a azumin bara wata yarinya 'yar wajenmu ta zo shagona da yadi a leda, na tambaye ta ina fasfonta, ta ce yana cikin durowar uwar ɗakinta, makullin kuma yana jakar matar. Da na ce mata doka ta hana, dariya ta yi, ta ce, "Hajiya, ai kafilata ce."

Ɗalibin shari'a, Madina:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma labarin nan naki ni yake goya wa baya. Yarinyar ta sallama fasfonta ne saboda kalmar ta zauna mata a kai a matsayin wanda ya lamunce ta, alhali mai ba da aiki yarjejeniya ce kawai tsakaninku da shi. Kuma ba a tsaya a suna ba: daga ranar 14 ga Maris, 2021, ma'aikacin kamfani yana iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar gwamnati ta Absher, ya kuma sauya wurin aiki ta manhajar ƙwadago ta Qiwa idan ya cika sharuɗɗa.

Direban gida, Riyad:
Ƙanena, ka ce ma'aikacin kamfani. Wancan gyaran bai haɗa da direban gida ba, haka mai aikin gida da makiyayi, kuma mu ne muka fi jin nauyin kalmar a jikinmu.

Dattijo mai shago, Jidda:
Ku yi haƙuri in sa baki, domin abubuwa biyu kuke cakuɗawa. Share tsohon suna daga doka daban, rage ikon mai sunan daban, kuma gwamnatoci sukan fara da na farkon saboda ba ya cin kuɗi. A Najeriya an mayar da gidan yari gidan gyaran hali a 2019, har dokar ta zo da hukuncin da ba na ɗauri ba, amma wanda ya shekara yana jiran shari'a a ciki bai ji bambanci ba. Tsorona ma shi ne a ce gyaran kalmomi kawai ake yi, kowa ya kau da kai, a cusa abin da ya fi kalma. Malam na Madina, ka kawo mana nassin Larabcin, tsoho da sabo, mu jera su mu gani.

Ɗalibin shari'a, Madina:
To, Baba. Zan turo bayan sallar isha'i, in sha Allahu, tare da ƙa'idar masu aikin gida, tunda tasu dabam take.