Shin ɗauko taurarin sakandare har yanzu shi ne ma'aunin koci?

Tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. John Calipari ya shafe shekara 15 yana koci, yana tara wa jami'ar Kentucky fitattun yaran sakandare a ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, amma kofin NCAA, wato kofin zakarun jami'o'in ƙasar, ɗaya tak ya ɗauka, a 2012, kafin ya koma Arkansas a 2024. Shin wannan hanya tasa ta daina aiki ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A ganina, sauye-sauyen 2021 ne suka rage mata ƙarfi, domin tun daga shekarar ɗan wasa yana iya sauya jami'a ba tare da ya zauna kaka guda bai buga wasa ba, yana kuma samun kuɗi da sunansa da hotonsa. Koci Dan Hurley ya ɗauki kofi da jami'ar Connecticut (UConn) a 2023 da 2024 da taimakon Tristen Newton, wanda ya zo daga East Carolina, haka ma Florida a 2025 ta dogara da Walter Clayton Jr., tsohon ɗan wasan jami'ar Iona. Gogaggen ɗan wasa ya fi yaro ɗan shekara 18 jure matsin gasar NCAA da ake farawa a watan Maris.

Wata amsa: Ban yarda gaba ɗaya ba, ɗan'uwa. Cooper Flagg yana shekararsa ta farko ya kai Duke wasan kusa da na ƙarshe a 2025, kuma da kyar Houston ta fitar da su.

Mai tambaya: Na gode. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin nasarar Kentucky a hannun Oakland tun zagayen farko a 2024.