Sauya kalma a cikin fayil da Python, amma guntun tsohon rubutu yana saura a ƙarshe

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina da fayilolin rubutu da dama waɗanda nake so in sauya "na'ura mai ƙwaƙwalwa" da "kwamfuta" a duk inda ta fito, a cikin fayil ɗin kansa. Na buɗe shi da `open(suna, "r+")`, na karanta, na koma farko da `seek(0)`, sannan na rubuta. Sauyin ya samu, sai dai guntun tsohon rubutu yana nan a ƙarshe. Me ya jawo haka?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sabon rubutun ya fi tsohon gajarta, kuma rubutu a yanayin `r+` hawa kan abin da ke ciki yake yi, ba ya rage tsawon fayil. Ka kira `truncate()`, wanda ke yanke ragowar fayil ɗin, da zarar ka gama rubutawa. Kada kuma ka koma `"w"` kafin karantawa, domin yana share komai tun lokacin buɗewa.

Amsa ta biyu:
Maganar malam daidai ce, amma ni ba zan bi wannan hanya da fayil mai muhimmanci ba, domin idan aka ɗauke wuta ko shirin ya tsaya ana tsakiyar rubutu, tsohon ya lalace, sabon kuma bai kammala ba. Abin da ya fi aminci shi ne a rubuta sakamakon cikin fayil na wucin gadi a folda ɗaya da na asali, sannan a ɗora shi kan na asali da `os.replace()`, wanda yake cikin Python tun 3.3. Haka `sed -i` na GNU, umarnin sauya rubutu a cikin fayil, yake yi.

Ka kuma sanya `encoding="utf-8"`. A Windows, Python kan ɗauki wani tsarin haruffa mai suna cp1252 idan ba a faɗa masa ba, sai ƙ ta koma "Æ™", binciken ya wuce kalmar bai gane ta ba.

Amsa ta uku:
Idan akwai Perl (wani yaren shirye-shirye kamar Python) a kwamfutarka, layi ɗaya ya wadatar a Linux ko macOS, kuma zai ajiye maka kwafin kowane fayil mai ƙarshen `.bak`:

`perl -i.bak -pe "s/na'ura mai ƙwaƙwalwa/kwamfuta/g" *.txt`

Ka duba alamar da ke cikin "na'ura" tukuna, domin Word yakan mayar da ita lanƙwasassa, kuma wannan umarni miƙaƙƙiya kawai zai kama.