Me ake dubawa a jif ta hannu mai murɗaɗɗen sifirin?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina neman Land Cruiser 80 ko Prado 120 ta hannu, don zirga-zirgar ƙauyukan Giwa da Soba da damina. Me zan duba a ƙafafunta kafin in biya?

Bakaniken Sabon Gari:
Wa'alaikumussalam, Malam. Tsayar da ita a daidaitaccen wuri, ba kaya a ciki. Auna da tef daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu da dama. In bambancin ya wuce santimita 2, sifirin ɗaya ya kwanta, kuma biyu ake canzawa tare, ba ɗaya ba. Danna kowace kusurwa da ƙarfi ka saki. In ta yi ta lilo, shokozoba ta mutu, galibi za ka ga mai ya jiƙe jikinta. Leƙa mazaunin sifirin ɗin, laka na taruwa a nan ta jawo tsatsa.

Mai Gareji Kwangila:
Ƙari kan bayanin Oga. Ita 80 aksil ɗin gaba, wato ƙarfen da ya haɗa wili biyu na gaba, guda ne. Hau titin Samaru ka kai gudun kilomita 80 a awa. In sitiyari na karkarwa bayan faɗawa rami, galibi bushin, wato robobin mahaɗar ƙarafan ƙafa, ne suka cinye, musamman na sandar da ke riƙe aksil ta gefe. Baƙin mai na tsiyaya a ƙwallon bayan wilin gaba kuwa, sil, wato robar da ke tare mai, ya lalace, man aksil ya gauraya da giris. Aikin nan da tsada, a rage shi daga farashi.

Baba Direba:
Yaro, wasu Prado 120 balan-balan ɗin iska ke bayansu, ba sifirin ba, leƙa ka gani. Ka kuma tabbata lambar shasi ta dace da takardar kwastam.