Ɗana ba ya ji, fushinsa kuma ya fi ƙarfina

Assalamu alaikum. Shekarar ɗana 7, sanƙarau ne ya taɓa masa ji. Da zarar ya nuna abu ba mu gane ba, sai ya fizge na'urar kunnensa ya jefar, ya hau buga kai a bango. Likita ya ce a koya masa gane abin da ke ransa kafin ya fashe: a zana fuskoki, ta fushi, ta tsoro, ya nuna wadda ta dace. Yana nunawa kam, amma sai bayan ya gama ɓarna. Ni kuwa maganar hannuna ba ta wuce "ci" da "zo" ba. Don Allah, yaya ake sa shi ya nuna tun kafin? Kuma a Kano, ina iyaye ke koyon maganar hannu?